Inda aka kwana a aikin faiba mai rami: shinshinar iskar metan da haske

13 ga Janairu, 2025

Farfesa ya amince da tsarin da na kai masa, don haka daga yau zan riƙa ajiye bayanin inda aka kwana, saboda ni kaina in na waiwaya bayan wata uku mantawa nake me ya sa na zaɓi lamba kaza na bar kaza.

A taƙaice dai ga aikin. Faiban da kamfanonin waya ke binnewa zaren gilashi ne tsantsa, kaurinsa maikron 125 (maikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a tsakiyarsa akwai cibiya mai faɗin maikron 8 da ɗoriya wadda aka ɗan ƙara wa jamaniyam, haske na bin cikin gilashin nan ne yana tafiya. Namu kuwa tsakiyarsa rami ne, fanko, sai wasu 'yan bututai na gilashi sirara da suka kewaye ramin su ne ke hana hasken tserewa. To tunda hasken cikin iska yake tafiya, in ka cika ramin da wani gas, hasken da gas ɗin za su yi tafiyar mita guda ko biyu tare cikin abin da za ka iya naɗewa, kuma kowane gas akwai tsawon zangon hasken da yake shanyewa. Metan, babban sinadarin iskar gas da ake haƙowa, na shan haske a nanomita 1653.7, wato wajen maikron 1.65, sannan yana sha sosai a wajen maikron 3.3, kusan sau ɗari fiye da na farkon. Burina faiba ɗaya da za ta ɗauki duka biyun.

4 ga Fabrairu

Makon nan duk a gaban COMSOL na ƙare, manhajar da nake gwada zanen faiban a kwamfuta. Abin da ya fi komai a irin wannan faiba shine kaurin bangon 'yan bututan nan. Lissafin bai da wuya: akwai tsawon zangon da in ya dace da kaurin bangon, hasken sai ya shige cikin gilashin ya zube waje, kuma na farkonsu yana faɗowa wajen ninki biyu na kaurin, na biyu kusan daidai da kaurin, haka dai. Tsakanin waɗannan wuraren ne ake samun taga da haske ke wucewa lafiya. In bango ya zama maikron 1.2, wuraren zubewar suna wajen maikron 2.45 da 1.25, kenan 1.65 ta faɗa tsakiyar taga ta biyu, 3.3 kuma tana cikin taga ta farko. A kwamfuta abun gwanin sha'awa.

Cibiya na sa maikron 60. Da don 1.65 ce kaɗai rabin haka ya isa, amma 3.3 na son fili, in ramin ya matse mata asarar haske tashi take da sauri sosai, ga kuma silika, gilashin da ake yin faiban da shi, da ke fara shanye haske da zarar an wuce maikron 2 da rabi, dole a nisanta hasken daga gilashin gwargwadon iko.

Inda na daɗe shine yawan bututan. Rami mai faɗi haka ba mod ɗaya yake ɗauka ba, mod kuwa shi ne siffar da haske ke ɗauka yana tafiya cikin faiba, ban da babban mod mai zagaye akwai ƙannensa masu kunnuwa biyu da sauransu, kuma ba na son su. Dabarar da mutanen cibiyar Max Planck ta Erlangen a Jamus suka nuna a 2016 ita ce, in faɗin cikin ɗan bututu ya zama kamar 0.68 na faɗin cibiya, mod na biyu sai ya dace da wanda ke cikin bututun ya tsallaka can ya ɓace, babban kuma ya yi zamansa. Sai dai lissafin da'ira ba ya jin roƙo: bututu 8 ba za su kai 0.68 ba tare da sun gogi juna ba, 6 suna barin giɓin da ya kai maikron 8 tsakaninsu, haske na yoyo ta nan, 7 kuma giɓin maikron 1 da rabi ne kacal. Na kai wa dattijon da ke kula da hasumiyar da ake jan faiba zanen 7 ɗin, ya duba ya duba, ya ce a kwamfuta kowa ma gwani ne. Mun tsaya a 7 amma 0.65, giɓin ya koma kamar 2 da rabi.

20 ga Fabrairu

Simuleshan ɗaya na cin dare guda saboda sai an yayyanka bangon nan ƙanana ƙanana sosai kafin lambar asarar ta daina rawa. Ba wani labari, jira kawai.

Tunda jira nake na koma karatun tarihin abun don babi na biyu. A 1966 Charles Kao da George Hockham suka ce in aka tsarkake gilashi za a iya saukar da asara ƙasa da desibel 20 a kilomita (desibel ma'aunin asarar haske ne), Corning ta cimma hakan a 1970, Kao ya samu Nobel a 2009. Faiba mai 'yan ramuka kuwa ta su Philip Russell ce, ta farko a 1996, sannan a 1999 a Bath suka nuna haske na bin ramin iska. Irin tawa mai zobe ɗaya na bututai daga Mosko ta fito a 2011, a 2014 Francesco Poletti na Southampton ya kawo shawarar a saka ƙaramin bututu cikin kowane bututu, wadda ake kira NANF, kuma ita ce ta juya harkar gaba ɗaya. Wani abokin aikina sai matsa min yake me ya hana ni yin NANF ɗin. Amsata mita biyu nake buƙata ba kilomita ɗari ba, kuma kowane ƙarin bututu ƙarin ciwon kai ne ranar ja.

18 ga Maris

Mun haɗa firifom, wato babban samfurin gilashin da ake jan faiba daga gare shi. Ga azumi ga ɗakin tsafta, mutum cikin riga mai rufe har kai da safar hannu biyu, sai ka ji kanka na sarawa wajen la'asar. Yadda ake yi, ana ɗauko babban bututun silika, a jera ƙananan guda bakwai a jikin bangonsa daga ciki, a sa 'yan guntaye a baki biyu su riƙe tazarar, a ɗan liƙe su da wuta. Ƙura ɗaya ko zanen yatsa ɗaya in ya shiga, a tanderu zai zama tabo, nan faiban za ta tsinke ko ta riƙa watsa haske. Daga nan aka ja shi ya zama sanda mai kaurin 'yan milimita, muka yanka muka duba bakin kowanne a madubin ƙara girma, muka ware waɗanda bututansu suka zauna daidai.

15 ga Afrilu

Ja na farko. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu alewa yana kallon yadda ake jan ta tana sirancewa ya ga rabin aikin nan, bambancin kawai namu tanderun na wajen digiri 2000 kuma hasumiyar ta kai bene hawa biyu zuwa uku. Ana zura sandar cikin wani bututun riga, a sauke su cikin tanderu a hankali, ɗigon farko ya faɗo da nauyinsa yana jan zare, a kama a bi da shi ta na'urar auna kauri, ta kofin roba mai ruwa, ta fitilar da ke busar da robar, har zuwa kan gangar naɗi.

Wahalar ita ce gilashi in ya narke so yake ya tsuke, 'yan bututan su shanye, don haka ana hura musu naitirojin ta sama, matsin da ke cikin bututan daban, na cibiya daban, kuma bambancin 'yan kilofaskal ne. Ka ƙara kaɗan su kumbura su manne da juna, ka rage kaɗan su tsuke bangon ya yi kauri. Ga shi ba ka ganin abin da ke faruwa a cikin wutar, sai dai a tsinko guntu a ƙasa a ruga da shi madubi, a dawo a ce ƙara, kafin canjin ya iso ƙasa an riga an naɗe mita da yawa. Dattijon nan da ido kawai yake kallon hoton ya ce rage zafi, ƙara gudu, kuma yawanci haka ɗin ne.

Abin da muka samu: bututan ba su kumbura yadda ake so ba, biyu sun fi sauran ƙanƙanta.

24 ga Afrilu

Hoton madubin lantarki ya dawo, bangon ya kai wajen maikron 1.5. Ga inda tsarin nawa ke da rauni: 3.3 ninki biyu ce ta 1.65, wuraren zubewar su ma kusan ninkin juna ne, kenan in kaurin ya goce duka biyun yake kashewa lokaci guda. A 1.5 zubewar na wajen 1.56 da 3.0, duka a bakin ƙofar inda nake son aiki. Na haska mata farin leza mai faɗin zango na duba a na'urar tantance haske, ramin duhun na nan daidai inda lissafi ya ce. Aƙalla dai lissafin da gilashin sun yarda da juna. Wannan gangar ta zama ta koyon yanka da haɗi.

Yankan ma wani fanni ne. Na'urar yanka ta faiban waya murƙushe ta take, gutsattsarin gilashi su faɗa cikin ramin. Sai da mai jan faiban da nauyi kafin ta ɗan tsaga, ita ma sai an lalubo nauyin da ya dace.

10 ga Yuni

An ci Babbar Sallah, an dawo. A waya Yaya yake tambayata wai wannan abu nawa shi za a shimfiɗa a jikin bututun gas na AKK, wanda ya taso daga Ajakuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614. Na ce masa a'a Yaya, wancan aikin wata faiba ce daban. Masu gadin bututu faiban waya ta yau da kullum suke binnewa a gefensa, su harba haske, ɗan abin da gilashin ke warwatsowa baya su saurare shi, in wani na haƙa ko gas na fita da ƙara sai girgizar ta nuna a daidai mitar da abun ke faruwa. Tawa ma ba za ta iya wannan ba sam, tunda hasken bai cika taɓa gilashi ba kusan ba abin da ke dawowa. Tawa ta wuri ɗaya ce, a tashar matsa gas ko bakin bawul, ta ce akwai metan kaza a iskar nan. Ya ce to Allah ya taimaka, amma daga muryarsa na san wancan ɗin ya fi burge shi.

Ja na biyu jibi in Allah ya yarda. Mun canza sanda zuwa mai bango ɗan sirara, kuma za a fara da matsi sama kaɗan.

19 ga Yuni

Alhamdulillah. Bango tsakanin 1.15 da 1.25 a duka bakwai ɗin, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa, cibiya ta ɗan haura 60. Muna sauke gangar muka narke bakin biyu muka toshe, saboda faiba mai rami in ta fito daga wuta matsin cikinta ƙasa yake da na waje, ka bar ta a buɗe sai ta zuƙi iskar ɗaki da danshinta.

8 ga Yuli

Na auna asara ta hanyar yanke-baya, wato ka auna hasken da ya fito daga doguwa, ka yanke ta ba tare da ka taɓa bakin shiga ba, ka sake aunawa. A 1.65, kan mita biyun da nake buƙata, asarar ba ta ma kai abin magana ba. Sai dai lanƙwasa. Na naɗe ta a gwangwanin da na saba naɗe faiban waya, hasken ya ɗauke ɗif. Lissafi ya nuna a wannan faɗin cibiya, da zarar lanƙwasar ta matse zuwa radiyos na santimita 16 ko kusa da haka, babban mod ɗin shi ma tsallakawa yake cikin bututun da ke gefen waje. Abin mamakin shine 3.3 ba ta damu ba sai an kai wajen santimita 4, gajeren zango ne ke shan wahala. Kenan akwatin na'urar ba zai zama ɗan ƙarami ba, faɗinsa zai kusa rabin mita. Kuɗin cibiya mai faɗi kenan, na biya.

Shigar da hasken ma da nasa. Hasken faiban waya faɗinsa maikron 10 ne, na tawa ya haura 40, in ka haɗa su baki da baki kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke shiga babban mod, sauran ya tafi ga ƙannen nan da ba na so. Ga kashi 3 da ɗoriya cikin ɗari da ke komawa baya duk inda gilashi ya haɗu da iska. Yanzu dai ruwan tabarau biyu nake amfani da su, bakin faiban kuma yana cikin ɗan ɗaki na ƙarfe mai taga a karkace, ta nan gas ke shiga.

29 ga Yuli

Yau na fara ganin metan. Silinda mai kashi 100 cikin miliyan a naitirojin, leza na kai da komo a kan 1653.7, sai ga ɗan lotsawa a layin. Ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ne aka shanye, kuma haka lissafin HITRAN, rumbun bayanan yadda kowane gas ke shan haske, ya ce a mita biyu.

Amma shigar gas ɗin, kai. In ka bar shi ya shiga da kansa, mita ɗaya mai baki biyu a buɗe sai ta haura awa guda, kuma lokacin da murabba'in tsawo yake tafiya, mita biyu kenan wajen awa biyar. Na'urar da za ta gaya maka gas na yoyo bayan awa biyar ai ba na'ura ba ce. Da na tura shi da matsin bar ɗaya, ƙasa da daƙiƙa goma ya cika. To amma an koma buƙatar famfo da matata, don duk ƙurar da ta shiga ramin nan ta zauna kenan, ba mai fito da ita.

Wani abu da na lura, ina ƙara matsi ƙarfin hasken na canzawa tun kafin a zo maganar metan. Gas ɗin na cika cibiya da sauri fiye da 'yan bututan tunda sun fi ta matsewa, iska kuma duk da ƙanƙantar tasirinta, 1.00027 a matsin sarari, wannan ɗan bambancin ya isa ya canza yadda faiban ke riƙe haske. Mutanen Southampton sun yi rubutu a kai. Zan toshe bakin bututan da gam in bar cibiya kaɗai a buɗe.

2 ga Satumba

Lab ya ɗauka yau, takardar Southampton da Microsoft ta fito a Nature Photonics: desibel 0.091 a kilomita a nanomita 1550. Gilashi tsantsa shekara da shekaru yana maƙale a wajen 0.14, ga rami ya zo ya wuce shi. Ƙari da haka haske a iska maikrosakan 3.3 yake ci a kilomita, a gilashi 4.9, shi ya sa Microsoft ta sayi Lumenisity, kamfanin da ke ƙera faiba mai rami, a ƙarshen 2022 don cibiyoyin datarta. Aiki ne babba, ba ja.

Ni dai abin da na gaya wa abokin nan nawa mai son NANF, wannan tseren ba nawa ba ne. A mita biyu, ko asarata ta ninka tasu sau dubu, desibel 0.2 ba ta cika ba. Abin da ke hana ni barci wani ne daban, ga shi a ƙasa.

23 ga Satumba

Metan ɗin da ke cikin iskar duniya kamar kashi 1.9 ne cikin miliyan, a faibata zai shanye kashi 1 zuwa 2 cikin dubu goma na hasken. Nan nake son kaiwa. Abin da ya tare hanya wasu tuddai ne a layin, hawa da sauka, da ke yawo in ɗaki ya ɗumama ko wani ya jingina da tebur, kuma sun fi siginar da nake nema girma nesa ba kusa ba.

Daga mod na biyu suke. Shi da babban ba gudu ɗaya suke ba, in suka haɗu a bakin fita sai su riƙa ƙara wa juna suna rage wa juna gwargwadon tsawon zango. Abin haushin, ba da ƙarfin haske ake lissafin ba, da tushen murabba'insa ne, kenan ko kashi ɗaya cikin dubu goma ne ya rage a mod na biyu, tudun zai iya kai kashi 2 cikin ɗari. A 0.65 da na tsaya, kuma a mita biyu kacal, bai samu isasshiyar tafiyar da zai mutu ba. Farfesa ya ce da an yi 0.68, dattijo ya ce da an yi 0.68 da yanzu ba faiba a hannu. Duk sun yi gaskiya, na bar su.

Abin da ya taimaka ba daga faiban ya zo ba. A da ina mayar da hasken cikin faiban waya kafin ya kai ga na'urar gani, ita kuma tacewa take, tacewar ce ke fito da tuddan. Na cire ta na sa na'urar gani mai faɗin ido da ke kwashe hasken gaba ɗaya, sai mod biyun suka daina cin juna, tuddan suka faɗi sosai. Na kuma ɗan matse naɗin dab da inda babban mod zai fara wahala, tunda na biyun ya fi shi saurin zubewa a lanƙwasa.

14 ga Oktoba

Na koma kaɗa tsawon zangon lezan da sauri ina karanta siginar da ke fitowa a ninki biyu na saurin kaɗawar, layin ya ƙara kwanciya. Iskar ɗaki yanzu ana ganin metan ɗinta in na tara awo na ɗan lokaci, amma bayan 'yan mintuna layin na fara gocewa da zafin ɗaki, sai an sake wanke faiban da naitirojin an ɗauki sifili. Bututan da na toshe da gam sun yi, canjin haske da matsi ya kusa ɓacewa.

Gefen 3.3 har yanzu ban taɓa ba, lezan aro ne daga wani rukuni kuma sai Nuwamba za su sake shi, ga ruwan tabarau da tagogin duk sai an canza su zuwa kalsiyam fulorayid saboda gilashin da ke kai yanzu ba ya wuce wannan hasken. In ta yi yadda lissafi ya ce, santimita 30 ma ta isa, kuma a wannan tsawon gas na shiga da kansa cikin mintuna bakwai zuwa takwas ba famfo. Na yanke guntaye uku masu wannan tsawon daga gangar Yuni na toshe bakinsu na ajiye. Sauran gangar zan kai wa masu lezan femtosakan, mai harbin haske gajere ƙwarai, ranar Alhamis su gwada huda ramuka ta gefe, daidai giɓin da ke tsakanin bututu biyu, giɓin da bai kai maikron 3 ba, kuma sun ce in zo da mita biyar don na farkon duk fashewa za su yi.